Zani Biyu da Igiyar Shanya

Sai ranar Juma'a na samu na yi wanka, kwana uku cur bayan ruwan madatsar Alau ya tashe mu daga Gwange a Maiduguri. Rabin bokiti ne rabona, shi ma sai da ƙanena ya bi layi tun asuba a bakin wata rijiyar burtsatse. A bayan ajin makarantar da aka sauke mu, mata biyu suka riƙe tabarma suka kare ni, na tsuguna na cuɗa jikina da guntun sabulun da ya riga ya bi hannu huɗu ko biyar. Ruwan da ke gangarowa daga ƙafafuna ja ne jawur, kalar laka. Da na gama na miƙe, sai na tsaya cak. Zanin da na rataya a kan tabarmar shi ne wanda na fito da shi daga gida da asubahin Talata. Da shi na keta ruwa har iya ƙirji, a jikina ya bushe, ya ƙandare, yana tashin warin kwata. Ƙazantar da ke jikinsa ce ta sa na matsu in yi wankan, ga shi kuma ba ni da abin goge jiki ko abin ɗaurawa sai shi.

Akwai wata dattijuwa Kanuri da muke shimfiɗa gefe guda, muna ce mata Kaka. Ita ce ta leƙo ta saman tabarmar ta ga halin da nake ciki. Ta ce, "'Yata, dakata." Ta warware laffayarta, wadda ta wanke jiya ta shanya a tagar aji, ta kama bakinta da haƙori, ta ja, ta raba ta biyu tun daga sama har ƙasa. Ƙarar yagewar tana kunnena har yau. Ta miƙo mini rabi ta ce, "Wannan naki ne. Ki goge, ki ɗaura, ki wanke wancan. Kada ki ba kowa ya goge da shi, ko 'yar cikinki."

Na ce, "Kaka, ke fa?"

Ta ce, "Rabi ya ishi tsohuwa."

A lokacin kyautar kawai na gani. Sai da aka yi mako guda na gane cewa gargaɗin da ta haɗa da kyautar ya kai kyautar daraja. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Ra'ayina shi ne tawul ba dole ba ne ga mai wanka a ƙasarmu. Abin da yake dole shi ne kowane mutum ya kasance da ƙyallensa na kansa, wankakke, busasshe. Kuma duk wanda zai kai agaji ga mutanen da ruwa ko wuta ko rikici ya kora daga gida, ya sa zani biyu da sabulu da igiyar shanya kusa da buhun shinkafa, kada ya bar su sai in kuɗi ya yi saura.

Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a tuna musu abin da ya faru ran 10 ga Satumba 2024, amma mai karatu a Sakkwato ko Maraɗi yana iya bukata. Madatsar Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda a tsakiyar shekarun 1980, kimanin kilomita 20 daga gari, ta kasa riƙe ruwan damina. Ruwan ya bi ta Fori da Galtimari da Gwange da Bulabulin, ya shiga kasuwar Monday Market da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya cinye gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ce abin ya shafi kimanin mutum miliyan ɗaya, kuma wajen mutum 400,000 ne suka bar gidajensu. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe a 2021 sai da aka sake buɗe shi. Ina yarinya aka yi irin wannan a 1994, na tashi ina jin labarinsa a bakin Iya, mahaifiyata, ban taɓa zaton zan goya tawa 'yar in bi hanyar da ta goya ni ta bi ba. An yi rubutu da yawa a kan madatsar da asarar dukiya da rayukan da aka rasa, Allah ya jiƙansu. Ni abin da na gani da idona ƙarami ne, a cikin aji ɗaya.

A kwana na biyar wani bawan Allah ya zo da mota, ya sauke burodi da ruwan leda da dilar gwanjo. Allah ya saka masa da alheri, ba wanda ya aike shi. A cikin kason ajinmu aka sami tawul guda, babba, shuɗi, mai kauri, irin wanda ake sa wa amarya a lefe. Mu mata tara ne, yara kuwa sun fi ashirin. Murna muka yi. Tawul ɗin ya shiga zagaye: a goge wannan yaro, a miƙa wa uwar wancan, a share majina, a share fuskar mai zazzaɓi, a naɗe jinjiri. Tun daga ranar da ya shigo bai bushe ba ko sau ɗaya. Garin a lumshe yake, bangon ajin a jiƙe, iska ba ta motsi. A kwanansa na biyu ya fara tsami. Ni dai saboda maganar Kaka ban sa shi a jikina ba, kuma na yaga ɗankwalina na ba 'yata ta riƙa goge fuska da shi. Kafin mako ya zagayo, yara uku suka wayi gari idanunsu sun yi ja, kwantsa ta liƙe su, sai an jiƙa da ruwan ɗumi suke buɗewa. Kwana biyu bayan haka suka zama bakwai, har da iyaye mata biyu.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke zagaya azuzuwan ta shigo, ta duba yaran ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta buɗe jakar magani ta tambaya, "Da me kuke goge musu fuska?" Aka nuna mata. Ta ɗaga shi da yatsa biyu, ta sa aka hura wuta aka tafasa shi a tukunya, ta ce daga yau ya zama shimfiɗar mutum ɗaya.

Ba zan ɗora wa tawul laifin komai ba. Inda mutum talatin suke kwana a ɗaki ɗaya, cuta ba ta rasa hanya: ga hannu, ga tabarma, ga ƙuda. Amma ƙyalle mai laima da ke yawo daga fuska zuwa fuska hanya ce sananniya ga likitoci. Ciwon idon nan da muke kira apolo ya samo sunansa ne a 1969, lokacin da ya ɓarke a Gana daidai da tafiyar kumbon Apollo 11 zuwa duniyar wata, kuma hannu da ƙyalle suna cikin manyan abubuwan da ke yaɗa shi. Amosanin ido, wanda ya makantar da tsofaffi da yawa a ƙauyukan arewa, ta hanya uku yake bi: yatsu, ƙuda, da ƙyallen da aka goge idon mai ciwon da shi. Makero da cin ruwa na tsakanin yatsun ƙafa dangin funfuna ne, kuma kowace mace ta san inda funfuna take so: wuri mai ɗumi, mai laima, marar rana. Ita kuwa ƙazuwa, wata 'yar mitsitsiyar halitta ce da ke haƙa rami a fata. Mafi yawa ta haɗuwar jiki take kamawa, amma tana bin tufafi da shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su a 2017, kuma ta ce a kowane lokaci aƙalla mutum miliyan 200 ne ke fama da ita. Idan ta rabu da jikin mutum, kwana biyu zuwa uku take yi ta mutu. Shi ya sa mai zani biyu yake da makamin da mai zani ɗaya ba shi da shi, domin yana iya tafasa ɗaya ko ya ƙulle shi a leda na wasu kwanaki, yana sanye da ɗayan.

Yanzu mu bar sansani mu shiga gidajenmu, inda babu ambaliya, babu uzuri. A gidaje nawa ne tawul ɗaya yake rataye a ƙyauren banɗaki, maigida da yara da baƙo duk da shi suke gogewa, ba ya ganin sabulu sai ranar Asabar, ba ya ganin rana ko ranar Asabar ɗin? Ni malamar firamare ce, kuma kowane zango ina ganin kawunan yara da tabon makero kamar an ɗora kwabo. Idan na kira uwa na tambaye ta, amsar kusan guda ce: tawul ɗaya, mataji ɗaya, kuma wan yaron ma yana da shi. A shagon aski ƙyalle ɗaya ne yake sauka daga wuyan wannan ya hau na wancan tun safe har dare. Ƙanena direba ne, yana bin hanyar Damaturu da Potiskum zuwa Kano, ya ce a wasu gidajen wanka na tasha akwai tawul na kowa da kowa a rataye, kuma matafiya suna ɗauka suna godiya. Mun ɗauki tawul alamar tsafta da wayewa, har idan baƙo ya zo ba mu da shi sai kunya ta kama mu, mu ciro wanda aka yi kwana uku ana amfani da shi mu miƙa masa, alhali ga wankakken zani a ninke cikin akwati.

Shi tawul ɗin ma baƙo ne, sunansa ya nuna, daga Turanci muka aro shi. Saƙa mai gashi-gashi irin tasa daga ƙasar Turkiyya ta fito, wani kamfanin Ingila mai suna Christy ya fara yin ta da inji wajen 1850, daga nan ta bazu a duniya. A ƙasar sanyi, inda mutum ke fitowa daga ruwan zafi cikin ɗaki mai sanyi, abu mai kauri yana da amfani, balle inda akwai injin wanki da na busarwa. Amma dubi abin da mutanen ƙasashe masu zafi suka riƙe. A Indiya da Bangaladash akwai gamca, ƙyallen auduga marar kauri da manomi ke ratayawa a kafaɗa. Matan gabashin Afirka suna da kanga. Su kansu Turkawan a gidajen wankansu na gargajiya shimfiɗaɗɗen ƙyalle marar gashi suke ɗaurawa. Mu kuma muna da zani, kuma kakanninmu sun yi ƙarni bayan ƙarni suna fitowa daga wanka da ɗaurin ƙirji ba wanda ya ce musu ƙazamai.

Lissafin a bayyane yake ga duk macen da ke sayen ruwa a wurin mai moya. Tawul babba yana shan ruwan da zai wanke zani uku, yana cin sabulu, ɗauraya ɗaya ba ta isarsa, matse shi sai mutum biyu, kuma a watan Agusta yana iya wuni ya kwana bai bushe ba. Zanin auduga kuwa da ragowar ruwan wanka ma sai ki wanke shi, ki baza a igiya, kafin ki sauke tukunya ya bushe, rana ta ratsa shi ciki da waje. Abin da ke da wuyar wanki ba a wanke shi kullum, wannan halin ɗan Adam ne, ba lalaci ba. Don haka gara a ba mutum abin da zai iya wankewa kullum.

Sai dai ba kowane zani ne zanin wanka ba. Iya dillaliyar zannuwa ce, shekara da shekaru tana ɗaukar kaya a kasuwa tana bi gida-gida, kuma ita ta koya mini bambancin. Yawancin atamfa mai araha ta yanzu roba ce, ko gaurayen roba da auduga. In kin goga ta a jiki, ruwan sai ya riƙa zamewa yana bin ta, ba ta sha, ga zafi. Iya takan zare zare ɗaya daga bakin yadi ta kanga masa ashana. In auduga ce, sai ya ci da wuta ya bar toka mai laushi, yana ƙaurin takarda. In roba ce, sai ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙullutu mai tauri. Kuma sabuwar atamfa, ko ta auduga ce zalla, sai an wanke ta sau biyu ko uku danƙon kamfani ya fita kafin ta fara shan ruwa. Tsohon zani da ya sha wanki ya yi laushi, wanda muke cewa ya ƙoɗe ba ya shiga taro, shi ne sarkin abin goge jiki.

To in babu ko ɗaya fa? Babu tawul, babu zani na biyu, babu ɗankwali? Wannan ma ba sabon abu ba ne, kuma a Islamiyya muka fara jin amsarsa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana Maimunatu, Allah ya ƙara mata yarda, cewa bayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wanka, ta kawo masa ƙyalle bai karɓa ba, ya riƙa sharce ruwan da hannunsa. Yawancin malamai ba su ɗauki wannan a matsayin hani ba, Imam Malik bai ga laifin goge jiki da ƙyalle ba. Abin da ni na ɗauka a ciki shi ne tafin hannu ya isa, kuma babu abin kunya a cikinsa. Ki fara daga kai, ki matse gashi, ki sharce fuska da wuya, ki bi hannuwa, ki gangara har ƙafa, kamar yadda manomi ke sharce gumi. Mafi yawan ruwan a nan zai zube. Ki ɗan dakata kaɗan, iska ta ƙarasa.

A Maiduguri yawancin shekara iska tana ƙarasawa da sauri. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kafin mutum ya taka daga banɗaki zuwa ɗaki ya bushe, ruwan da ke tashi daga fata ma shi ne ɗan sanyin da yake samu. Da hunturu iskar ta fi kowane tawul shan ruwa, har ta wuce gona da iri, ta bar mutum da kaushi da faso. Maganin wannan shi ne a shafa man kaɗe ko basilin tun jiki yana da sauran danshi, ba sai ya bushe ƙayau ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, fatar da ta tsage kuwa ƙofa ce. Damina ce mai wuya, daga Yuli zuwa Satumba, kuma a daidai lokacin ne ambaliya ke zuwa. A lokacin ne ya kamata a kula da lungunan jiki: hammata, ƙarƙashin mama, matse-matsi, da tsakanin yatsun ƙafa. Ko da bakin ɗankwali ne a goge su. Mai ciwon suga kuwa kada ya taɓa barin tsakanin yatsunsa a jiƙe, ƙaramin ciwo a wurin yana iya kai shi ga rasa ƙafa.

Matan Barno suna da wata dabara da ta dace da damina, ko da ba don ita aka ƙirƙire ta ba. Kaskon turaren wuta da kabbasa: a kifa kabbasa a kan kasko, a baza zani a kai, zafi da hayaƙi su ratsa shi, sauran laimar ta fita. Na ga ana yi wa zanin jarirai haka a sansani da gawayi kaɗan. Abu biyu kawai zan ce. Turare yana rufe wari amma ba ya wanke datti, sai an wanke kafin a turara. Kuma kada a rufe ƙofa da taga a kan gawayi mai ci, hayaƙinsa marar launi yana kashe mutane cikin barci.

Akwai waɗanda ba a bar wa iska ba, wato jarirai da tsofaffi da marasa lafiya. Jikin jariri yana zubar da ɗumi da sauri ƙwarai idan yana jiƙe. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da an haifi jariri a goge shi nan take da busasshen ƙyalle, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa a lulluɓe, a jinkirta wankan farko har awa 24. A ajin da ke kusa da namu wata yarinya ta haihu cikin dare, haihuwar fari. Unguwarzoma ta fito tana neman busasshen ƙyalle, aka bi aji uku ana tambaya. Ɗankwali huɗu aka tara, mata huɗu suka kwana kai a buɗe a tsakiyar baƙi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma bai kamata a ce jariri ya shigo duniya a garin da ke da kasuwa kamar Monday Market a rasa yadi biyu na tarbarsa ba.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a fuska: "Malama, mutane na jin yunwa kina maganar zani?" Gaskiya ne, ciki ne gaba, ni ma na kwana da yunwa a wannan ajin kuma ba zan raina wanda ya kawo dafaffiyar shinkafa ba har abada. Amma a duba abin da rashin zani na biyu yake jawowa. Namiji zai iya cire rigarsa ya wanke, ya baza a reshen dalbejiya, ya zauna a gindinta da singileti yana hira har ta bushe. Mace ba ta da wannan damar. In zaninta ɗaya ne, to ba za ta wanke shi ba, in kuwa ba za ta wanke shi ba, wankan ma sai ta fasa, domin me za ta mayar? Na ga mata sun yi kwana shida ba su sa ruwa a jiki ba, ba don babu ruwan ba. Na ga wadda ta gama al'ada tana kuka a ɓoye, tana son ta yi wankan tsarki ta koma salla, zaninta ya ɓaci, ba ta da na canji, kuma ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa namijin da ke riƙe da takardar rabo ba. Watan Maulidi ne, ana jin yabo daga lasifikar unguwannin da ruwa bai kai ba, ita kuwa ta kasa tsayawa gaban Ubangijinta. Kuma waɗannan matan su ne masu dafawa, masu ba yara abinci a baki, masu wanke musu kashi. A farkon Oktoba gwamnatin jihar ta sanar da ɓarkewar kwalara. Tsaftar jikin uwa da lafiyar cikin ɗanta ba a raba su.

Wannan ba ƙirƙirata ba ce. Ƙungiyoyin agaji na duniya suna da ƙa'idojin da suka amince da su tun ƙarshen shekarun 1990, ana kiransu Sphere. A ciki an tanadi cewa kowane mutum ya sami aƙalla cikakkiyar sutura kala biyu, da sabulun wanka giram 250 da na wanki giram 200 a wata, da ruwa aƙalla lita 15 a rana. Asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya yana raba wa mata wani ƙunshi da ake kira ƙunshin mutunci, mai ɗauke da sabulu da audugar mata da kamfai da makamantansu, kuma wadda ta samu ta san darajarsa. Sai dai a ranakun farko, kafin manyan motoci su iso, agajin da ke kai wa ga mutane namu ne: na attajirin unguwa, na kwamitin masallaci, na coci, na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, na 'yan kasuwar Kantin Kwari da suka haɗa kuɗi. Su nake wa magana. Yawancin waɗannan kwamitoci maza ne zalla, masu kyakkyawar niyya, suna zama su rubuta shinkafa, taliya, mai, tabarma, gidan sauro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku sa mace biyu a cikin masu rubuta jerin, ku ga abin da zai ƙaru.

Kuma abin ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Turmin atamfa yadi shida ne, zani yadi biyu, turmi ɗaya zani uku ke nan, turmi biyu sun suturta mata uku da zani bibbiyu. Ba ya bukatar awo, ba ya bukatar tela in ban da kalmasa baki, ya dace da siririya da mai jiki, da budurwa da tsohuwa. Shi ne abin goge jiki, shi ne sutura, shi ne majanyi, shi ne labulen wanka, shi ne mayafin dare, shi ne shimfiɗar salla. Namiji ma yana ɗaura shi ya wanke wandonsa. In an saye shi a hannun 'yan kasuwar garin da abin ya shafa, an taimaki mutum biyu da kuɗi ɗaya, balle 'yan Monday Market da gobara ta cinye a Fabrairun 2023, suna farfaɗowa ruwa ya biyo. Igiya kuwa ita ce aka fi mantawa. A makarantar da aka sauke mu, a kan katanga da ƙasa da bencin yara ake shanya, akuya ta taka, ƙura ta hau, wankin ya koma baya. Ranar da wani yaro ya tsinto wayar lantarki da ta tsinke muka ɗaura tsakanin dalbejiya biyu, ranar ce wanki ya fara zama wanki.

Ga 'yan'uwana mata na Kano da Kaduna da Zariya da Abuja da suka aiko da kaya, mun gode, mun kuma sa muku albarka. Ina roƙon alfarma ɗaya domin gaba. A cikin abin da aka aiko akwai leshi mai duwatsu, da rigunan biki masu ƙarfe a ƙirji, da takalma masu tsini. Na san kowa abin da ya fi tsada a akwatinta ta ciro don ta girmama mu. Amma abin da muke nema da ido a cikin dilar shi ne tsohon zaninki na auduga, wanda kike jin kunyar bayarwa. Ki wanke shi, ki goge, ki haɗa shi da ɗan'uwansa da ɗankwali da sabulu ɗaya, ki ƙulle a leda. Kowace makarantar Islamiyya ta matan aure tana iya tara irin wannan ƙulli ɗari kafin watan Yuli ba tare da an nemi ko sisi daga kowa ba, a ajiye a ɗakin malama. In damina ta wuce lafiya, ga asibiti, ga gidan marayu, ga tsangayu.

Mako uku muka yi kafin mu koma Gwange. Layin ruwan yana nan a bango, ya wuce kaina. Tawul huɗu na lefena na tarar a cikin sif, sun yi baƙi da funfuna, sun manne da juna, ba su ceto ba. Zannuwan da ke tare da su na tafasa na shanya, yawancinsu sun dawo. Kafin in share ɗaki, igiya na fara ɗaurawa daga dalbejiyar tsakar gida zuwa ƙarfen taga. Yanzu kowane yaro a gidana yana da zanin wankansa da kalarsa, mai kore ya san nasa, mai ruwan goro ta san nata, kuma wanda ya yi wanka shi zai ɗauraye nasa ya shanya kafin ya karya. A bayan ƙofa akwai jaka da nake dubawa duk farkon Agusta: takardun makaranta a leda, tocila, sabulu, igiya, zani bibbiyu na kowa, da rabin laffayar nan a ninke a ƙasa.

Kaka ta riga mu barin sansanin. Wani jikanta ya zo da Keke Napep ya ɗauke ta da rana tsaka ina wajen layin ruwa, ban samu mun yi sallama ba. Ta taɓa ce mini gidanta yana wajen Fori, kusa da gada. Na je sau biyu ina kwatance, ba a gane ta ba, unguwar ta canza, mutane da yawa ba su dawo ba. Na sayi laffaya sabuwa ta auduga, na ƙona zare ɗaya na tabbatar, na wanke ta sau uku ta yi laushi. In an ba da hutun zango zan sake komawa, wannan karon ta ɓangaren masallacin Juma'a zan fara tambaya.